Scarlatti ko Soler: wanne za ka fara saya?

Malam, tsakanin littafin sonatocin Scarlatti da na Soler da ka tambaya, wato kiɗe-kiɗen da waɗannan masu tsara kiɗa biyu suka rubuta, Scarlatti za ka ɗauka. Duka biyun suna hannuna.

Na Scarlatti da nake da shi sonata 30 ɗin nan ne da aka buga a Landan wajajen 1738, masu lamba K.1 zuwa K.30 (K ɗin alamar lambar kowace sonata ce a jerin sonatocinsa). Shi da kansa atisaye ya kira su, amma atisayen da ke sa gumi. Hafsikod, abin kiɗa mai kama da piyano wadda ya rubuta su dominta, tsinkar tsirkiya take yi kamar garaya, ko ka danna da ƙarfi sautin ba ya ƙaruwa, don haka yatsan da ya makara kowa zai ji shi. Wata uku na yi a kan K.27, inda hannun hagu yake tsallake na dama ya taɓa sama ya dawo ƙasa. Daren da hannuna ya fara sauka daidai ba tare da na duba ba, sai da na maimaita ta har aka kira asalatu. Ka tuna gimbiya Maria Barbara ta Fotugal yake koyarwa, ya bi ta Sifaniya har ya rasu a Madrid a 1757, shi ya sa wahalarsa take da tarbiyya: yawancin sonatocin gajeru ne, kashi biyu, matsala ɗaya ko biyu suke ɗora maka. Cikin sonatocinsa 555 akwai irin su K.141 mai maimaita sauti ɗaya da gudu kamar jita, wannan sai ka kwana biyu. Fara da K.9.

Soler kuwa, malamin coci a El Escorial ta Sifaniya da ya rasu a 1783, gwani ne, ban musa ba. Amma wasu sonatocinsa na baya kashi uku ne ko huɗu, tsayinsu ya gajiyar da ni, littafin yana nan a kan kanta yana shan ƙura.

Sannan ka kula da masu sayarwa ta intanet. Wani ya taɓa turo mini hoton littafi mai kyau, da kaya ya iso sai ga fotokwafi, shafi huɗu babu. Wasu kuma tsohon bugun piyano suke sayarwa da sunan na asali, wanda aka cika da alamomin ƙarfi da taushi har aka sauya wasu sautuka. Kafin ka tura kuɗi, ka sa ya ɗauko maka shafin ciki a bidiyo, ka ga lambar K a kan kowace sonata.