Salansar fistol: abin da na gani bayan wata takwas

Na sa wa fistol ɗina (ƙaramar bindigar hannu) mai harsashin milimita 9 salansa, wato na'urar rage ƙarar harbi da ake ɗaurawa a bakin bindiga, ne saboda kunnena. Duk ranar da na dawo daga filin koyon harbi sai in kwana yana yi mini tsuwa. Harbi ɗaya na irin wannan bindiga yana kaiwa wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarar sauti, alhali daga 140 kunne kan lalace. Salansa tana zabge 20 zuwa 35 ne, don haka har yau ba na harbi sai da abin toshe kunne.

Kuskurena shi ne adadin desibel kaɗai na duba. Ranar farko bindigar ta yi ta cijewa, kwanso ya ƙi fita. Ashe yawancin fistol an gina su ne a kan tsarin Browning, inda bututun yake ja da baya kaɗan ya sunkuya kafin sabon harsashi ya hau. Da ka rataya masa nauyi a baki, ka hana shi wannan motsi. Maganin wani ɗan fistin ne mai sifirin, na'urar Nielsen, da ke ɗauke wa bututun nauyin a daidai lokacin harbi. Tun da na sa shi ba ta sake cijewa ba. Kafin ka biya kuɗi, tambayi ko salansar tana da wannan na'ura, ka kuma duba murɗin bakin bututunka: murɗi mai lamba 1/2x28 da mai lamba M13.5x1 na hagu ba sa shiga juna.

Harsashi ma da nasa rawar. Mai nauyin giren 115 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) ya fi sauti gudu, sai ka ji wata tas mai kaifi wadda babu salansar da ke kashe ta. Da na koma giren 147, wanda bai kai sauti gudu ba, nan na ji bambanci na gaske.

Abin da ke damuna har yanzu tsawon salansar ne. Bayan harbi talatin hannu ya gaji, baki yana rinjaya ƙasa, ga kaurinta ya rufe mini saiti sai da na canza mai tsayi. Hayaƙin albarushi yana dawowa fuska, tana kuma yin zafin da ba a taɓawa.

Na gode Allah tawa ana kwance ta a wanke. Takardun izini su na fara kammalawa, domin ƙasashe da yawa sun haramta ta gaba ɗaya. Da yau zan saya, gajera mara nauyi zan ɗauka, ko da ta ɗan fi ƙara.