Masu sayar da dashe na bakin gulbi a Yamai: me ya dace da mai komawa Abzin?

Wanda canjin aiki ya ɗauke shi daga Yamai zuwa duwatsun Abzin yakan bi ta wajen masu pepiniya (wurin renon dashe) na unguwar Yantala ko Gamkale ya cika bayan mota da dashe. Kayansu na da kyau, aurensu na mangwaro da lemu (haɗa reshen wani iri a kan gindin wani) yakan kama, kuma ana ciniki. Sai dai don zafin Yamai aka rene su, kuma da wuya mai sayarwa ya tambaye ka ina za ka kai su. Ka ce gwanda, ya ce "tana yi ko'ina, Alhaji". Ba ta yi.

Yamai tana kimanin mita 200 sama da teku, ƙololuwar dutsen Bagzan na Abzin kuwa mita 2022 ce. Duk hawan mita 1000, zafi na raguwa da wajen digiri 6. A Disamba da Janairu dare kan sauko kusa da sifiri a can sama, har raɓa ta daskare a kan ganye. Gwanda da ayaba ruwa ne jikinsu, dare ɗaya ya isa ganye ya yi baƙi ya langaɓe. Ƙaramin mangwaro ma haka. Zogale yakan zubar da ganye, amma in saiwa ta tsira zai sake tohowa.

Abin da ya cancanci kuɗinka a wajensu shi ne rumman, ɓaure, inabi da lemu. Rumman da ɓaure da inabi sun fi lemu jure ɗari. A dangin lemu, mandarin ya fi juriya, lemun zaƙi na bin sa, lemun tsami ne ragon cikinsu. Garakan Timiya, a cikin Abzin, sun shahara da lemu da rumman, don haka ba gwaji ba ne. Gaskiya ma, ɓaure da inabi da rumman gara ka roƙi reshe a wajen mai garka a can: yanka mai kaurin fensir, tsawon santimita 25 zuwa 30, a Janairu, a binne kashi biyu cikin uku. Itacen da ya riga ya sha ɗarin wurin ya fi na leda tabbas.

In lemu za ka saya, duba wurin auren. Ya zama ya warke, yana sama da ƙasar leda da kamar taƙi ɗaya. Ɗaga ledar ka duba gindi: in saiwa ta huda ta shiga ƙasa, za a tsinke ta wajen ɗauka, dashen ya yi yaushi tun kafin Tawa. Mai santimita 40 zuwa 60 ya fi dogon nan da ake jerawa gaba don jan ido. Wani aibin wurin, yawancin ledojin ba su da suna, sai abin da mai su ya tuna.

Lokaci ma abin lura ne. Kada a dasa a Nuwamba don ana ganin rana ta yi sauƙi, sabon toho ne ɗari ke fara ci. A bari sai ƙarshen Fabrairu ko Maris. Mako biyu kafin tafiya a fitar da dashen daga inuwa a rage masa ruwa. Hanyar ta haura kilomita 900, a rufe su da buhu jiƙaƙƙe, don iskar bayan mota ta fi rana busarwa.

Rami santimita 60 kowane gefe, da bokiti biyu na ruɓaɓɓen kashin awaki, tazarar mita 6 tsakanin lemu. Guji ƙasan kwari, iska mai sanyi nan take taruwa da dare. Ɗan tudu ya fi, da darni ta arewa maso gabas inda hunturu ke bugowa. Daga Oktoba a daina sa takin ure. Ranar da sama ta yi tas, iska ta kwanta, alamar daren ɗari ce: a yi ban ruwa da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi riƙe ɗumi, a naɗe gindin da kara har sama da wurin auren, a yafa zana ko tsohon buhu. Kada a yafa leda, don in ta taɓa ganye ƙona shi take yi.