Gargaɗi ga masu situdiyon gida: ana sayar da jabun makirfon Neumann da Shure da sunan na hannu

Mawaƙa da sha'irai da masu karanta littattafai a YouTube, da duk mai ɗaukar murya a ɗakinsa, don Allah a yi hattara. Akwai wasu da ke buɗe shafuka a Facebook da Instagram, suna kutsawa zaurukan WhatsApp na masu harkar sauti, suna tallar manyan makirfo a farashin da hankali ba zai ɗauka ba. Sunan shafi yakan canja, lambar asusu ma haka, amma salon damfarar ɗaya ne.

Sun san inda ke yi mana ƙaiƙayi. Yaro ya fara da makirfo mai araha irin BM-800, ya gaji da shuuu ɗin da ke bin muryarsa, ya yi watanni yana tari don ya sayi abin kirki. Sai ya ga hoton Neumann U87 cikin akwatinsa na katako, an rubuta wai na hannu ne daga Landan, mai shi zai yi tafiya, kuɗi yake nema da gaggawa. U87 fa kamfanin Neumann na Jamus ya fito da shi tun 1967, kuma sabonsa a yau ya haura dala 3,000. Shure SM7B, wanda ya fito a 2001, yana kusan dala 400. Irin wannan kaya ba ya faɗuwa warwas don an yi aiki da shi, na hannunsa ma tsada gare shi. Wanda ya ce zai ba ka a kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa, ba tausayinka ya ji ba.

Daga nan sai a turo maka sautin gwaji mai daɗi, wanda ba ka san da me aka ɗauka ba. Sai matsi: wani ya taya, in ba ka tura rabin kuɗi yau ba ya wuce ka. Wasu da zarar sun ga alat sai su toshe ka. Waɗanda suka fi ɓata min rai su ne masu aiko da kayan ta tasha. Kwali ya yi kyau, tambari ya zauna daram, har da takardar garanti, amma cikin ƙarfen wata 'yar ƙwayar ɗaukar murya ce ta araha. Mutum zai yi shekara yana zargin ɗakinsa da sawun kad ɗinsa (na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta) da muryarsa, yana ƙara kashe kuɗi, bai san tun daga makirfon aka cuce shi ba.

U87 yana da sauƙin tonawa in yana hannunka. Haska fitilar waya ta cikin ragar. Na asali za ka ga faffaɗan faifai mai ruwan zinare, faɗinsa kamar inci ɗaya, gaba da baya. Sannan yana da maɓallin zaɓen ɓangaren da zai saurara, iri uku. Sa hedifon, kunna wutar 48V da sawun kad ke ba makirfo, ka mayar da shi kan alamar 8, ka yi magana ta gefe: muryarka ta kusa ɓacewa. Ka mayar kan alamar da'ira, ka zagaya bayansa, za ka ji ta kamar kana gabansa. A jabu da yawa maɓallan nan ado ne kawai, ko ina ka tura su sautin bai canja ba. Wannan gwajin bai kai minti biyu ba, shi ya sa ɗan damfara ba ya yarda ku haɗu.

SM7B kuwa ba ya buƙatar 48V, kuma an san shi da ƙarancin ƙarfin sauti, sai an murɗa masa maɓallin ƙara ƙarfin sauti na sawun kad zuwa kusan 60 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) kafin magana ta fito sosai. In ka ji yana ihu tun ba ka murɗa komai ba, ka yi shakka. Nauyinsa ya kai gram 765, a hannu za ka ji shi. Gwada maɓallai biyun da ke ƙasansa, ɗaya na rage kauri, ɗaya na ƙara fitowar murya. Kada kuma rubutun ƙasar da aka ƙera ya ruɗe ka, Shure yana da masana'anta a Meziko da kuma Sin. Lambar siriyal ma ba hujja ba ce ita kaɗai, don kwafarta suke yi daga hoton na gaske.

Ni dai a ganina, wanda kuɗinsa bai kai ba ya sayi Audio-Technica AT2020 ko Rode NT1 sabo a shagon da zai iya komawa gobe, da rasit. Ragowar ya gyara ɗaki, ya rataya barguna masu kauri, ya kashe fanka lokacin ɗauka. Aikin da zai fita zai fi na jabun U87 nesa ba kusa ba.

In kuma na hannun kake so, ba laifi, akwai masu sayarwa tsakani da Allah. Ku haɗu a situdiyon wani da ya san kayan, a jona, ka ji muryarka da kunnenka kafin ko sisi ya fita. In kayan na wani gari ne, nemi ɗan uwa a can ya je ya gwada.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hirarsu da shaidar tiransifa da hoton tallar tun kafin a goge, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi, sannan ya kai wa 'yan sanda ko EFCC. Ya kuma sanar da shugabannin zauren da ya ga tallar, domin sau da yawa mutumin yana nan cikin zauren da wata lambar.