Fulat mai ɗaki biyu a Dawaki: ginin ya yi, sai dai hidimar bayan ciniki

Tun da muka tare 'yan'uwa da abokan aiki ke tambayata ko su sayi fulat a rukunin gidajen da muka saya. Amsata a taƙaice ita ce ginin ya yi, takardun ma sun yi, amma hidimar da ake yi wa mutum bayan an karɓe kuɗinsa sai a hankali. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin har yanzu akwai maganar da ba mu gama da su ba a ƙungiyar mazauna. Wurin dai yana Dawaki, tsallaken Gwarinpa idan ka biyo babban titin Kubwa, benaye ne masu hawa uku, kowane da fulat shida.

Kafin nan ciki da falo muke haya a Kubwa, ni da Baban yara da 'ya'yanmu biyu. Wanda ya taɓa haya a Abuja ba sai an yi masa dogon bayani ba: kuɗin shekara a dunƙule, kashi goma na dillali, wani kason na lauyan da ba ka taɓa gani ba, sannan kuɗin ajiya na ko-ta-kwana wanda da wuya ya dawo hannunka. Mai gida kuma duk shekara da sabon lissafinsa. Ruwa sai mai kura ya kawo. Da babbar yarinyar ta fara girma, kwanan falo ya daina yi mana daɗi. Na sayar da filin da na gada a Zariya, Baban yara ya ci bashi a ƙungiyar taimakon juna ta ofishinsu, muka haɗa da kuɗin adashi.

Ofishin cinikinsu ban da abin cewa a kansa. Yarinyar da ta karɓe mu ba ta tsaya nuna mana hotunan kwamfuta ba, ta ɗauko makulli ta kai mu cikin ginin, ta bar Baban yara yana ƙwanƙwasa bango yana buɗe famfo. Sun yi ƙoƙarin jan mu zuwa wani sabon sashe da ko tushe ba a gama ba, wai ya fi araha. Muka ƙi. A farkon 2024 kowa ya ga yadda buhun siminti ya haura naira dubu goma, kuma na san mutanen da suka biya kuɗin gida tun yana kan takarda, daga baya aka ce su ƙaro ko su karɓi kuɗinsu da ya riga ya lalace. Mun ɗauki wanda aka gama, muka biya fiye da rabi, sauran aka raba mana kashi-kashi ba tare da ruwa ba, duk da dai farashin biya a hankali ya ɗara na biya nan take. Sun kuma yi mana bayanin sauran hanyoyi tsakani da Allah: rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda ake yanke wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa dominsa kuma yake da ruwa kashi 6, da damar da hukumar fansho ta buɗe a 2022 ta cire kashi 25 na ajiyar fansho a matsayin kafin alƙalami na rancen gida, da tsarin ijara na bankunan Musulunci irin su Jaiz da TAJ. Mu dai ba ma son abin da ya haɗa mu da ruwa, shi ya sa muka tsaya a tsarin kamfanin.

Inda na fi daɗewa shi ne takardu, kuma nan ne nake so mai niyyar saye ya buɗe ido. Ni akanta ce, karatun ƙananan rubutu sana'ata ce. A Abuja ƙasa ta gwamnatin tarayya ce, ministan birnin ne ke sa hannu a takardar mallaka, kuma wa'adinta shekara 99 ne. Takardar mallakar nan da ake kira C of O guda ɗaya ce ta filin gaba ɗaya, da sunan kamfanin. Abin da ni da maƙwabtana muka samu yarjejeniya ce da ta sallama mana fulat ɗinmu na ragowar shekarun da ke cikin waccan takardar, da haƙƙin amfani da matattakala da harabar ajiye mota da tankin ruwa. Ƙasar da ginin yake kai ba tawa ba ce ni kaɗai, rufin ma haka. Kawuna da ya zo ganin gida ya tambaye ni ina iyakar filina, na nuna masa bango huɗu, ya girgiza kai ya ce, “'Yar nan, wannan ai sama kika saya.” Bai yi ƙarya ba.

Abin da ya sa na yaba musu a nan shi ne ba su yi nuƙu-nuƙu ba. Da lauyanmu ya nemi lambar fayil, a ranar suka ba shi. Ya je AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya yi bincike, ya dawo da rahoton cewa filin nasu ne, ba a jinginar da shi a banki ba, kuma an ware shi ne don gidajen zama. Sun nuna mana amincewar tsarin gini daga sashen kula da gine-gine na birnin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake sayar wa mutane gida da takardar ƙaramar hukuma, bayan shekaru katafila ta zo. Ka ɗauki lauyanka na kanka, kada ka dogara da nasu ko da sun ce kyauta ne. Sannan ka tambayi wa ke biyan harajin ƙasa na shekara-shekara. A 2025 hukumar birnin ta soke takardun dubban filaye saboda bashin wannan harajin, kuma idan aka soke ta kamfanin, taku ta rataya a iska. A yarjejeniyarmu kamfanin ne ke biya daga kuɗin da muke tarawa. Da muka nemi rasit sun kawo, bayan an ɗan ja.

Ranar tarewa kuwa sun ba mu kunya. Ba wanda ya gaya mana cewa motar kaya ba ta shiga sai da takardar izini daga manaja, shi kuma manaja ba ya zuwa ranar Asabar da wuri. Motar cike da kaya ta tsaya a bakin ƙofa cikin rana, 'yan dako na ƙirga lokaci suna ƙara kuɗi. Babu lifta, matattakalar kuma tana da lanƙwasa mai matsi a tsakiya, har doguwar kujerar falo ta ƙi wucewa sai da kafinta ya cire mata ƙafafu. Wanda zai tare a sama ya auna firizarsa da gadonsa tukuna.

Cikin gidan dai alhamdu lillahi. Ɗakuna biyu kowane da banɗakinsa, falo mai faɗi, kicin da ƙaramin sito, da baranda ta baya. Tagogin suna kallon juna, iska na ratsawa, ko a watan Maris ana iya kwana da fanka. Tayil ɗin an shimfiɗa shi daidai, ba ka jin wannan ƙarar holoƙo idan ka taka. Ruwan burtsatse ne, ana tace shi, kuma yana hawowa da ƙarfi har shawa. Ƙofofin ciki ne suka yi araha da yawa: da damina ta kankama ta banɗakin yara ta kumbura ta daina rufuwa. Makullan ma duk mun canza.

Daminar ce kuma ta tona babbar matsalar. Wani tabo ya fito a silin ɗin ɗakinmu, ya fara kamar girman faranti, yana faɗaɗa, fenti na ɓarewa yana zubo mana a kan gado. Daga banɗakin maƙwabcinmu na sama ne. Na sami manaja, ya ce, “Hajiya, a yi haƙuri, bututun cikin fulat na mai fulat ne.” Na hau wurin maƙwabcin, dattijo mai mutunci da ya yi ritaya, ya ce, “'Yata, bututun nan a cikin kankare yake, ni ban binne shi ba.” Kowannensu da gaskiyarsa, domin yarjejeniyar ba ta faɗi na wane ne abin da ke tsakanin silin ɗina da daɓensa ba. Wata shidan da kamfanin ya ɗauki alhakin gyaran kurakuran gini kuma ya ƙare a cikin rani, lokacin da ba abin da ke nuna kansa. A ƙarshe ni da dattijon muka raba kuɗin mai gyaran famfo, don zaman tare ya fi kuɗin. Amma a ganina aikin kamfanin ne, kuma wa'adin da bai haɗa da damina ɗaya cikakkiya ba wayo ne.

Sai sabis caj, wato kuɗin hidima da mazauna ke biya duk shekara. Wanda ya ɗauka sayen gida ya raba shi da biyan kuɗin shekara ya sake lissafi. Namu ya kusa rabin hayar da muke biya a Kubwa. A ciki akwai masu gadi, kwasar shara, fitilun haraba, gyaran famfon burtsatse, kwashe sokawe, da harajin ƙasar da na ambata. Masu gadin suna aikinsu, harabar tsaf take, yara na wasa da keke har magariba hankalina kwance. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin lissafi. An ƙara kuɗin a shekara ta biyu da takarda mai layi uku, wai saboda tsadar kaya. Ba na musun tsada, kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Amma a nuna mana nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa aka ajiye don ranar da rufi ko transfoma zai buƙaci canji. Da na tambayi manaja ko akwai asusun ajiya na manyan gyare-gyare, sai ya ce, “Ranki ya daɗe, idan abin ya taso za a yi karo-karo.” Wato ranar da rufin ya yaye, gida shida ne za su zauna neman miliyoyi cikin mako guda.

Wuta ma ta hannunsu take biyowa. Suna saye a dunƙule, su sayar mana ta mitar kati tasu, da kuɗin dizal na babban janareta a haɗe. Layinmu na rukunin A ne, na waɗanda suka fi samun wuta, wanda aka mayar da farashinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, ninki uku da ɗoriya. Wutar tana samuwa, ba na ƙorafi a kan wannan, kuma an hana ƙananan janareta, don haka dare shiru. Sai dai ba a rarrabe mana nawa ne na wuta nawa ne na dizal. Sola kuma sai da izini, tunda rufin na kowa ne, mu na tsakiya ko wurin kafa faranti ba mu da shi. Inbata muka saya.

Akwai dokokin da Bahaushiya za ta ji a jikinta. Ba a shanya a barandar gaba. Turmi kuwa ba a rubuta ba, amma ranar farko da na daka sakwara matar ƙasa ta hawo da sallama da murmushi, ta ce ta ɗauka gini ake rushewa. Yanzu ko dai in sauka da turmin bayan gida ko in haƙura da na'ura. Da Babbar Sallah ta matso ba wanda ya san inda za a ɗaure rago, balle yanka. A nan manajan ya kyauta: ya ware wani lungu kusa da tanki, ya sa aka zuba kankare da magudana, aka ja tiyo, maƙwabtanmu Kiristoci ma suka ci gajiyarsa a Kirsimeti. Ƙaramin masallaci mazauna ne suka haɗa kuɗi suka kafa da amincewar kamfanin.

Wa zan ce ya saya? Ma'aurata masu yara biyu ko uku, masu aiki a cikin gari, waɗanda ba su da lokacin tsayawa kan magina kuma ba su da ƙarfin fili a wuri irin wannan. Mai iyali da yawa, ko wanda baƙi daga gida ba sa yanke masa, ko mai tsohuwar da gwiwa ke damu, ya nemi na ƙasa ko ya haƙura ya gina nasa ko da a Bwari ne. Wanda ya yanke shawarar saye ya je ganin gidan a watan Agusta, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya nemi a rubuta masa na wane ne bututun cikin kankare, kuma ya tambayi wa ke da ikon ƙara sabis caj. Mu dai mun yi wa ƙungiyar mazauna rajista, mun rubuta wa kamfanin cewa ba za mu biya kuɗin baɗi ba sai an ajiye mana lissafin bana a kan tebur. Sun amsa cewa za su zo taron wata mai zuwa da akantansu, ni kuma aka ɗora wa duba takardun.