Kafin Ku Biya Kuɗin Lesin Turanci: Abin da Ɗalibin Jinya Ya Kamata Ya Saya a Legas

Wani maƙwabcinmu a Agege, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, ya yi sallama a ƙofar gidanmu bayan la'asar, riƙe da takardar talla. 'Yarsa tana shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, an dawo mata da rubutun da ta miƙa, jan biro ya cinye kowane shafi. Ya ce, "Hajiya, ga wannan ana rabawa a bakin tasha, sun ce cikin wata uku za su gyara mata Turanci. Duba min, in na biya ne in biya." Na karɓa na karanta, ashe lesin IELTS ne, jarrabawar Turancin da ake nema daga masu shirin fita waje. Na ce, "Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Turo min ita da takardun da aka dawo mata da su."

Na daɗe ina aikin jinya a garin nan, kuma ba shi ne uba na farko da ya zo min da irin wannan takarda ba. Mutanenmu suna ɗauka Turanci ɗaya ne, duk inda aka biya shi za a samu. Ɗalibin jinya kuwa da Turanci uku yake kokawa. Akwai na ɗakin majinyata, wanda ake rubutawa a fayil kuma a karanta lokacin miƙa aiki. Akwai na makaranta, wato kundin bincike da nazarin kula da majinyaci guda, waɗanda ake rubutawa kafin jarrabawar Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Sai na masu shirin fita waje. Kowanne da inda ake samunsa, kuma wanda ya fi tsada ba shi ne yarinyar nan take bukata ba.

Bari in fara da lesin, tun da shi ya fi cika allunan talla daga Ikeja zuwa Yaba. Sashen rubutu na IELTS awa ɗaya ne, aiki biyu: a bayyana wani jadawali ko zane da kalma 150, sannan a rubuta insha'i na kalma 250 kan wani batu na gama-gari. Babu majinyaci a ciki, babu ambaton madogara ko ɗaya. OET, wata jarrabawar Turancin ta masu fita waje, ta fi kusa da aikinmu, domin ta ma'aikatan lafiya ce. Minti 45 ake bayarwa, a ba ka bayanan majinyaci, ka tsamo masu amfani ka rubuta wasiƙar tura shi wani wuri ko ta sallama, kalma 180 zuwa 200. Wannan tsamowar horo ce mai kyau ga kowace nas. Amma kuɗin jarrabawar ya fi na IELTS, kuma hukumar jinya ta Birtaniya tana karɓar sakamakon ne cikin shekara biyu da rubuta shi. Ita hukumar tana neman maki 7 a IELTS tare da sassauci zuwa 6.5 a rubutu, ko B a OET tare da C+ a rubutu. To yarinyar da ba ta ma gama makaranta ba, balle ta karɓi lasisi, me za ta yi da sakamakon da zai mutu kafin ta tashi amfani da shi? Wanda ya gama, yana aiki, ya ƙudurta tafiya, shi ya kamata ya nemi lesi. Shi ma kafin ya biya ya tambayi mutum nawa ne a aji, wa ke duba rubutu, kuma sau nawa a mako ake dawo da shi da gyara. In amsar ita ce malami yana bayani a allo ana kwafa, ya haɗa da kuɗin mota da awannin da zai ɓata a cunkoso, zai ga ba ciniki ba ne.

Abin da na fi ba wa daraja, kuma in da kuɗi ɗaya ne a hannu nan zan kai shi, shi ne mutumin da zai zauna da rubutunka kai kanka, ya ja layi, ya ce sake. Rubutu ba ya gyaruwa da sauraro. A nan zaɓi biyu ne: malamin Turanci, ko tsohuwar nas da hannunta ya faɗa a kan rahoto. Malamin Turanci zai gyara nahawu, kuma muna bukatar hakan. Hausa ba ta raba lokutan aiki yadda Turanci yake rabawa, shi ya sa ɗalibanmu suke fara rahoto da abin da ya wuce, kafin layi uku sun koma abin da ke faruwa yanzu ba su sani ba. Ƙananan kalmomin nan biyu, "a" da "the", su ma suna wahalar da mu, ga p da f da suke musanya wuri har a rubutu. Duk wannan malamin Turanci zai iya.

Abin da ba zai gani ba shi ne jimlar da nahawunta lafiya lau amma ba ta da amfani a fayil. Ɗaliba ta rubuta cewa majinyaci ya kwana lafiya, jiki da sauƙi. A gaisuwa wannan daidai ne. A rahoto kuwa wadda za ta karɓi aiki da safe ba ta ƙaru da komai ba. Zafin jikinsa nawa ne, da ƙarfe nawa aka auna, fitsarin da ya yi mililita nawa ne, an ba shi maganin ko ya ƙi sha, wa aka sanar? Ana rubuta abin da ido ya gani da abin da aka auna, a sa lokaci da agogon awa 24, a sa hannu. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan nan. Rabin miligiram ana rubuta shi 0.5, da sifili a gaba, kuma ba a rubuta 5.0 domin in ɗigon ya ɓace ya zama 50. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce, ran mutum ne a kai.

Tsohuwar nas ce za ta zaunar da kai kan tsarin SOAP, wanda likitan Amurka Lawrence Weed ya fito da shi a shekarun 1960: abin da majinyaci ya faɗa da bakinsa, abin da ka gani ka auna, fahimtarka, sannan abin da za a yi. Ita ce za ta koya maka SBAR don kiran likita da tsakar dare, yadda cikin jimla huɗu ko biyar za ka faɗi halin da ake ciki, tarihin majinyaci, abin da kake gani, da abin da kake nema a yi. In aka samu wadda take jin Hausa, an tsinci dami a kala. A Idi-Araba, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yake maƙwabtaka da unguwar Hausawa, da nan Agege, ɗalibin da ke jin Hausa yakan zama tafinta ko bai shirya ba. Tsohuwa ta ce zuciyarta tana tashi, ɗaliba ta juya shi kalma da kalma, sai mai karantawa ya ɗauka maganar bugun zuciya ake yi, alhali amai take ji. Wani ya ce jikinsa ya mutu, wata ta ce ciwon ciki, wanda zai iya zama daga ƙasan ƙirji har mara. Dole a sake tambaya, a sa majinyaci ya nuna wurin da yatsa, sannan a nemi kalmar Turancin da ta dace. Babu lesin da na sani a garin nan da yake koyar da wannan. Yadda za a gwada mai dubawa kafin a yi jinga da shi kuwa abu ne mai sauƙi: a ba shi shafi biyu. In ya dawo da su ya sake rubutawa da kansa tsaf, a gode masa a nemi wani. Wanda ake so shi ne mai nuna kuskuren ya bar ka ka gyara.

Sai littattafai. Ƙamus na jinya ya cancanci kuɗinsa, kuma na Baillière shi ne a aljihun yawancinmu. Littafin nahawu mai atisaye da amsoshi a baya shi ma yana da amfani, muddin za a cike shi da fensir. Masu saye a teburan Yaba da Ojuelegba su buɗe su duba tsakiya, domin bugun jabu yakan zo da shafuka a dushe ko a tsallake.

Littafin ƙa'idojin APA, wato salon ambaton madogara a rubutun bincike, shi ne nake cewa a dakata. Da farko a tambayi makaranta salon da take so, kada a yi zato. Yawancin makarantun jinya APA suke bi, inda ake sa sunan marubuci da shekara a cikin rubutu. Mujallun likitanci da yawa kuma salon Vancouver suke bi, mai amfani da lambobi, wanda ya samo suna daga taron editoci da aka yi a birnin a 1978. In APA ne, bugu na 7 ya fito a 2019, kuma tsohon da za ka tarar da araha a bakin titi galibi na 6 ne, na 2009. Bambancin yana cin maki. A na 7 an daina rubuta garin da aka buga littafi. In marubuta uku ne ko fiye, sunan na farko kawai ake sawa a cikin rubutu tun daga ambaton farko, a bi shi da "et al." A jerin manazarta kuma ana kawo sunaye har 20. Duk waɗannan suna nan kyauta a shafin APA da shafin OWL na Jami'ar Purdue. Mai neman jimlolin buɗe babi ko na kwatanta binciken wani da na wani, ya leƙa Academic Phrasebank na Jami'ar Manchester, shi ma ba a biya.

Manhajar tsara manazarta ma haka. Zotero kyauta ce, tana shiga cikin Word da Google Docs, kana rubutu tana tara maka jerin a ƙasa, kuma tana ba da wurin ajiya na megabayit 300 ba tare da ko kwabo ba. Mendeley ita ma kyauta ce, aikinsu kusan ɗaya. EndNote ta kuɗi ce, kuma ban ga abin da ɗalibin difloma ko na digirin farko zai rasa ba in bai saye ta ba. Sai dai manhaja abin da aka zuba mata take fitarwa. In sunan marubuci ya shiga a karkace, haka zai fito, don haka sai an bi jerin da ido. Grammarly ta kyauta ta isa kama kurakuran rubutu. Ta kuɗin da dala ake biya, kuma wani lokaci takan so canza kalmar asibiti da take daidai. Kowace iri ce, sunan majinyaci da lambar fayil ɗinsa ba sa shiga cikinta. Amana ce.

Manhajojin nan masu amsa tambaya da rubuta insha'i kuwa, na ga abin da suka jawo. Wata ɗaliba ta kawo min babi na biyu da manazarta masu kyan gani, sunaye da shekaru da mujallu duk a tsare. Muka zauna muka neme su ɗaya bayan ɗaya a PubMed da Google Scholar, shafukan neman binciken ilimi a intanet, da yawansu babu su a duniya. Ta yi kuka, domin ba da niyyar ha'inci ta yi ba. Duk madogarar da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, kada ta shiga kundinka. Binciken da aka yi a Najeriya kuma, AJOL, shafin da ke tara mujallun binciken Afirka, ce wurin farawa.

Akwai kasuwar da ba ta da allon talla amma kowa ya san ta: shagunan buga takardu na kusa da makarantu, inda ake sayar da kundi gamamme, a canza suna da sunan asibiti kawai. Ba na sa wannan cikin zaɓi. Satar fasaha ce, makarantu da yawa suna tace rubutu da Turnitin, manhajar gano kwafe, kuma ranar kare kundi tambaya biyu ta isa a gane mai shi. Ko an tsallake, ranar da aka bar ka kai kaɗai da majinyata da dare, wanda ya rubuta maka ba ya nan. Hanyar kauce wa kwafe ba ta da wuya: karanta sakin layin, rufe shi, faɗa wa kanka abin da ya ce da Hausa, sannan ka rubuta da Turancinka ka sa sunan mai shi da shekara.

Kuɗin Alhaji a ƙarshe kwamfutar tafi-da-gidanka ya tafi, ta hannu, daga kasuwar Computer Village ta Ikeja. Na ce masa kada ya damu da kyan jikinta, batir za a gwada a cire caja a gani, saboda halin wutar unguwarmu, sannan a danna kowane harafi a tabbatar yana aiki. Ragowar aka sayi ƙamus da data na wata-wata. Yarinyar tana zuwa wurina ranar Asabar bayan azahar da shafi biyu, ba fiye ba. Makon farko ta rubuta cewa majinyaciyarta tana fama da zazzaɓi sosai. Na mayar mata da takardar. Da ta dawo, ta rubuta cewa da ƙarfe 14:00 zafin jikin ya kai 38.9, an sanar da likita da 14:10, an ba da maganin da ya rubuta, an sake aunawa da 15:00, ta sa hannu a ƙasa. Yanzu muna babi na biyu na kundinta, ta tara madogara goma sha ɗaya a Zotero, kuma kowace ɗaya ta buɗe ta a gabana.