Shazam da waƙar gargajiya a shirin tarihi: inda take aiki da inda take cijewa

Mai kallon shirin tarihi kan ji wata waƙa tana tashi a ƙarƙashin muryar mai sharhi, ta kama shi, amma har a gama ba a faɗi mai ita ba. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne Shazam, manhajar waya da ke sauraron waƙa ta faɗi sunanta. Manhajar ta fara aiki a Ingila a 2002, lokacin da ake buga lamba 2580 a kara waya kusa da sauti, kamfanin Apple kuma ya saye ta a 2018. Kyauta ce, babu talla, tana kan Android da iPhone. Ga waƙar zamani, da wuya ta wuce daƙiƙa goma ba ta kawo suna ba. Ga waƙar gargajiya kuwa, labarin ya sha bamban.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Shazam ba ta san waƙa ba, naɗi ta sani. Tana tsintar wuraren da sauti ya fi ƙarfi, ta auna tazarar da ke tsakaninsu, ta haɗa wani abu mai kama da zanen yatsa, sannan ta gwada da na faya-fayan da ke rumbunta. Idan ainihin wannan naɗin yana can, za ta kama shi ko da akwai hayaniya. Idan wani naɗi ne daban na waƙa guda, ko da bakin mawaƙi ɗaya, ba ta gane shi. To makaɗin baka bai cika maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Gindin waƙar na nan, amma ɗiyan sukan canza gwargwadon wanda ke zaune a wurin. Abin da Mamman Shata ya rera a gidan rediyo da wanda ya rera a filin biki abubuwa biyu ne a kunnen na'ura. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin waɗannan waƙoƙi a faifan garmaho da kaset suka tsaya, babu kamfanin da ya shigar da su rumbunan da manhajar ke dubawa.

Duk da haka a fara da ita, amma a yi gwajin yadda ya kamata. A nemi gurbin da mai sharhi ya yi shiru na daƙiƙa 10 zuwa 15, domin muryarsa ce ke binne alamomin da ake nema. A gwada wurare uku ko huɗu, musamman inda 'yan amshi ke karɓa. Idan a waya ake kallon shirin, kada a kara wata wayar a bakin lasifika: a Android akwai maɓallin Pop-up da ke yawo a kan allo, a iPhone kuma ana saka ta cikin Control Center, duka suna sauraro daga cikin wayar. Idan babu data, tana ajiye abin da ta ji har a samu intanet.

Saurin sauti ma yana ɓata lissafi. Tsohon kaset yakan ja ko ya yi gudu, fim ɗin da aka ɗauka da hoto 24 a daƙiƙa aka mayar 25 don talabijin kuma sautinsa kan ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari. Ana iya yanko gurbin a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda ita ma kyauta ce, a rage saurin kaɗan, a sake gwadawa.

Babban aibin Shazam shi ne amsar ƙarya. Wani lokaci takan kawo sunan waƙar wani ɗan zamani da ya yanki tsohon kiɗan ya ɗora nasa a kai. Amsar da ba ta maimaitu a gurbi biyu daban-daban ba, kada a yarda da ita. Akwai kuma abin da ke ba mutane haushi: wani kiɗan da ake zaton na kaka da kakanni ne, a situdiyo aka haɗa shi don sayar wa masu shirya fim. Wannan kam Shazam takan gano shi nan take.

Binciken Google na rera kari da baki, wanda ya fito a 2020, da manhajar SoundHound suna bin karin waƙa ne, don haka suna iya kamo wani naɗin daban. Sai dai su ma iyakarsu abin da ke rumbunsu.

Idan duk sun cije, a koma ƙarshen shirin a tsayar da hoton inda sunaye ke wucewa, domin nan ake rubuta waƙoƙi da ma'ajiyar da aka aro su. Bayan nan aiki ya koma ga kunne, kuma a waƙar Hausa kunne ya fi manhaja nisa. Kayan kiɗan kaɗai suna rage zato: kotso na nuni ga makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, kalangu ga layin Shata, kuntigi ga Ɗanmaraya Jos, ƙwarya da muryoyin mata ga amada irin ta Barmani Coge. Karin harshe na biye. Wanda ya ce "hwari" a maimakon "fari" ya nuna cewa daga yankin Sakkwato da Zamfara ya fito. Sunan basarake ko garin da aka ambata a kirari yakan ba da zamanin waƙar ma.

A rubuta layin gindin waƙar a nema a YouTube sau biyu, da ƙ, ɗ, ɓ da kuma k, d, b, saboda masu ɗora tsofaffin waƙoƙi ba su cika sa ƙugiya ba. In hakan bai yi ba, a tura yankin daƙiƙa 30 ga masu shirye-shiryen waƙoƙin gargajiya na Rediyon Najeriya Kaduna ko Muryar Sahel a Yamai, ko a kai wa tsofaffin masu sayar da kaset da tura waƙa a kasuwa, tare da sunan shirin da mintin da waƙar ta fito.