Tsakanin RTX 4060 mai giga 8 da RTX 3060 mai giga 12, wanne ya fi dacewa da tuƙin jirgi a kwamfuta

Malam, tun da ka ce zaɓinka ya tsaya tsakanin katunan hoto na kwamfuta RTX 4060 da RTX 3060 domin manhajar tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator, shawarata ita ce ka ɗauki RTX 3060, amma da sharaɗin ya kasance mai memori giga 12. Dukkansu biyun sun zauna a cikin kwamfutata a nan Abuja, saboda haka abin da zan faɗa maka na gan shi da idona.

RTX 4060 na fara saya, domin shi ne sabo, a shekarar 2023 ya fito, alhali ɗayan tun 2021 yake kasuwa. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba: ya fi sauri a yawancin wasanni, kuma wutar da yake ci ba ta wuce wat 115 ba, inda RTX 3060 yake kaiwa wat 170, wanda kuwa duk mai dogaro da inbata ya san wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan, domin giga 8 kawai gare shi, kuma a nan ne na yi da-na-sani.

Manhajar tuƙin jirgi ta sha bamban da wasan ƙwallo ko na tseren mota, inda filin da ake nuna maka yake da iyaka. A lokaci guda take buƙatar hotunan ƙasa na nisan kilomitoci masu yawa, da gine-ginen filin jirgi, da gajimare, da sauran jiragen da ke ajiye, da kowane maɓalli da allo na ɗakin matuƙi, kuma duk waɗannan a cikin memorin katin ake jibge su. Ka ɗauke shi kamar kantar ɗan kasuwa: abin da ke kan kanta hannu kawai zai miƙa, amma idan kanta ta cika, dole a riƙa aika yaro sito a ɗauko. Siton a nan shi ne ram ɗin kwamfuta, hanyar zuwa can kuwa ƙunci gare ta. Memorin RTX 3060 yana juya kusan giga 360 a daƙiƙa ɗaya, amma layukan PCIe takwas, wato hanyar da ke haɗa kati da sauran kwamfuta, da RTX 4060 yake amfani da su ba sa wuce kusan giga 16 a daƙiƙa, idan kuma madabod ɗinka tsoho ne mai PCIe 3.0, rabin haka za ka samu. Shi ya sa idan memori ya cika jirgin ba ya rage gudu a hankali, sai dai hoton ya riƙa tsayawa cak yana fizga, bangon gini ya dusashe kamar an shafa masa laka, wani lokaci ma manhajar ta rufe kanta baki ɗaya.

Abin takaicin shi ne lokacin da hakan ke faruwa. A sama, inda babu komai sai gajimare, katin giga 8 yana tafiya sumul. Sai ka kusanci babban fili irin Heathrow na Landan, ka sauke tayoyi, ka daidaita da titin sauka, a daidai lokacin da hannunka yake buƙatar ganin kowane motsi, sannan fizgar take farawa. Dabarar DLSS 3 mai ƙara yawan hotuna, wadda ake tallata RTX 4060 da ita, ita ma memori take ci, don haka ba ta cece ni a irin wannan wuri ba.

Bayan na sayar da shi na karɓi RTX 3060 mai giga 12 daga hannun wani abokin aikina, na gwada shi da tafiyar da na daɗe ina so in kammala: daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa Jidda, a cikin Boeing 737 na PMDG, kamfanin da ke ƙera jiragen da ake ƙara wa manhajar, hanyar da alhazanmu suke bi. Ɗana yana zaune kusa da ni yana riƙe da takardar da na rubuta matakan sauka, yana karanto mini ɗaya bayan ɗaya. Bayan tafiyar sama da awa huɗu muka tsallake Bahar Maliya da magariba, fitilun gari suka bayyana a gabanmu, na leƙa ma'aunin da ke gefen allo na ga memorin ya haura giga 9, wato wurin da katina na farko zai fara shaƙewa, amma wannan ko gezau bai yi ba har tayoyi suka taɓa ƙasa. Hotunan da yake bayarwa a daƙiƙa ba su kai na wancan yawa ba, sai dai a jere suke zuwa, kuma abin da sauka take buƙata ke nan.

Kamfanin Microsoft da kansa ya nuna inda aka dosa. A fitowar Flight Simulator ta 2020 kati mai giga 8 ne ya sa a matsayin mafi kyau, amma a ta Nuwamba 2024 giga 8 ya koma matsakaici, giga 12 ya zama mafi kyau. X-Plane 12 ma, wanda shi ma na tuƙin jirgi ne, idan wuri ya ƙure masa, rage ingancin hotuna yake yi da kansa. Kada dai ka ɗora wa kati kowace matsala, domin wannan manhaja tana matsa wa furosesa ƙwarai, kuma ram giga 32 ya fi 16 kwanciyar hankali; zafin watan Maris da ƙurar hunturu da ke toshe fanka su ma suna iya kashe maka tafiya.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu sayarwa. A ƙarshen 2022 an fitar da wani RTX 3060 mai giga 8 kacal, sunansa ɗaya da na giga 12, amma ya fi shi rauni, kuma a wani shago a Wuse an taɓa miƙo mini shi a kan kuɗin babban. Akwai kuma katunan da aka gajiyar wajen haƙar kuɗin kirifto, waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu bayan Ethereum ta daina amfani da su a Satumbar 2022. Kada ka yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ka sa a jona katin a gabanka, a buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka ga 12288 a wajen memori da 192 a wajen faɗin hanya, a bar shi yana aiki mai nauyi na kamar minti ashirin kana duban zafinsa da ƙarar fankarsa, sannan a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar katin da kwanakin da za ka iya dawo da shi.

Idan aljihunka zai iya ɗan miƙewa, RTX 4060 Ti mai giga 16 ya fi su duka biyun, musamman idan kana shirin sayen babban allo ko ƙara filayen jirgi na saye. Shi ma akwai mai giga 8 da sunan iri ɗaya, don haka ka duba kafin ka biya.